Lantarki kai tsaye daga haɗewar ƙwayoyin zarra: ina aka kwana?

A watan Mayun 2023 kamfanin Microsoft ya rattaba hannu kan yarjejeniyar sayen wutar lantarki aƙalla megawat 50 daga Helion, wani kamfani da ke garin Everett a jihar Washington ta Amurka, wanda ya yi alkawarin kunna tasharsa ta haɗewar ƙwayoyin zarra a 2028. A watan Yulin 2025 aka fara aikin ginin tashar, mai suna Orion, a Malaga da ke gundumar Chelan ta wannan jiha. Abin da ya bambanta ta da sauran tashoshin da ake shirin ginawa shi ne ba a tanadar mata tukunyar tururi ko injin farfela ba, domin kamfanin ya ce zai karɓi wutar kai tsaye daga ƙwayoyin da haɗewar ke haifarwa. Rahotanni da dama sun cakuɗa tambayoyi biyu wuri guda: ko haɗewar zarra ta kai matsayin ba da makamashi fiye da wanda take ci, da kuma ko dabarar mayar da wannan makamashi lantarki ba tare da an bi ta tururi ba ta nuna. Ta biyun ce abin dubawa a nan, ko da yake amsarta na rataye ne a wuyan ta farko.

## Me ake nufi da "kai tsaye"?

Haɗewar ƙwayoyin zarra ita ce hanyar da rana ke samun haskenta da zafinta. Cibiyoyin zarra marasa nauyi, irin na haidirojin, suna karo da juna da ƙarfi har su manne su zama cibiya guda mafi nauyi, kuma a wannan mannewa makamashi mai yawa ke fita. Kishiyarta ita ce tsaga cibiyoyi masu nauyi irin na yuraniyam, wadda tashoshin nukiliya na yanzu ke aiki da ita. A doron ƙasa sai an zafafa iskar gas har ta haura digiri miliyan 100 kafin haɗewa ta kankama. A irin wannan zafi elektiron na rabuwa da cibiyoyinsu, gas ɗin ya koma abin da ake kira filasma, wato taron ƙwayoyi masu caji, waɗanda ake riƙewa da maganaɗisu don kada su taɓa bangon na'ura.

Makamashin haɗewa yana fitowa ne a siffar gudu, domin ƙwayoyin da aka haifa suna watsewa da saurin dubban kilomita a daƙiƙa. Hanyar da aka saba ita ce a bar su su daki wani abu ya yi zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Haka tashoshin kwal da na nukiliya ke yi, kuma a kowane kashi 100 na zafin da aka samar, kashi 33 zuwa 40 ne kawai ke zama lantarki a yawancinsu, sauran kuma ya tafi a ruwan sanyaya ko a iska. Wannan asara ta samo asali ne daga dokokin zafi da kansu, waɗanda suka ƙayyade iyakar abin da duk wani injin zafi zai iya tatsa.

Juyawa kai tsaye tana neman tsallake wannan dogon zagaye. Ƙwaya mai caji da ke gudu tana jin turin lantarki da na maganaɗisu, don haka ana iya rage mata gudu da ɗayansu, makamashin da ta rasa ya koma cikin waya. Tunda ba a mayar da shi zafi ba, iyakar injin zafi ba ta hau kansa, kuma a kan takarda ana iya kaiwa kashi 80 ko 90. Sharaɗin guda ne, amma babba: dole ƙwayar ta kasance mai caji.

## Sinadaran da ake haɗawa su ke yanke hukunci

Haɗin da ya fi sauƙin kamawa shi ne na diyuteriyam da tiritiyam, nau'o'i biyu na haidirojin mai nauyi. Kowace haɗewa tana ba da MeV 17.6, wato miliyan 17.6 na elektiron-bolt, ma'aunin makamashin ƙwayoyin zarra. Daga ciki nutiron, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, ke ɗauke 14.1, cibiyar heliyam kuma ta ɗauki 3.5. Nutiron ba shi da caji, ba ya jin maganaɗisu, ba ya jin lantarki, saboda haka kashi 80 cikin 100 na makamashin wannan haɗi ba shi da wata hanya sai ta zafi. Ko da za a kama sauran kashi 20 ɗin kai tsaye da ingancin kashi 80, jimillar ingancin tashar za ta tashi ne daga kimanin kashi 40 zuwa 48 kawai, alhali kuma ana buƙatar cibiyoyin heliyam ɗin su zauna cikin filasma su ci gaba da zafafa ta.

Duk manyan nasarorin da aka ji a 'yan shekarun nan da wannan haɗi aka same su. A ranar 5 ga Disamban 2022, a ɗakin gwajin NIF da ke Livermore a Kalifoniya, hasken lesa mai makamashin megajul 2.05 (megajul ɗaya shi ne megawat ɗaya na tsawon daƙiƙa guda) ya haifar da megajul 3.15, ko da yake na'urar ta zuƙi kimanin megajul 300 daga layin wuta kafin ta yi harbin. Na'urar JET ta Birtaniya ta samar da megajul 69 cikin kimanin daƙiƙa 5 a 2023. Babbar na'urar gwaji ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa an tsara ta ne don ba da zafi na megawat 500, ba za ta samar da lantarki ba ko kaɗan, kuma jadawalin da aka sabunta a 2024 ya kai fara aiki da tiritiyam zuwa 2039. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke gwada juyawa kai tsaye.

Haɗe-haɗen da suka dace da ita guda biyu ne ake yawan magana a kansu. Diyuteriyam da heliyam-3, wani nau'in heliyam mara nauyi, suna ba da MeV 18.3, wanda furoton, wato cibiyar haidirojin, ke ɗauke 14.7, cibiyar heliyam 3.6, dukansu masu caji. Furoton da boron-11 kuma suna ba da MeV 8.7 a cibiyoyin heliyam guda uku, kuma nutiron ɗin da ke fita a gefe bai kai kashi 1 cikin 100 na makamashin ba. Matsalar ita ce wahalar kunna su. Na farko yana buƙatar zafin digiri miliyan ɗaruruwa, na biyu sama da biliyan 1. Idan aka haɗa zafi da cunkoson ƙwayoyi da tsawon lokacin riƙe su, wanda shi ne ma'aunin da masana ke amfani da shi, heliyam-3 ya fi tiritiyam wuya fiye da ninki 10, boron kuma ninki ɗaruruwa.

Akwai kuma wata asara da ke ƙaruwa da zafi. Duk lokacin da elektiron ya gifta kusa da cibiya mai caji ya karkace, yana fitar da hasken eksre, kuma boron, mai caji 5, yana tsananta wannan. A 1995 Todd Rider, a kundin digirinsa na uku a MIT, ya yi lissafin da ya nuna cewa asarar na iya cinye ribar haɗin boron, kuma dabarun kauce mata suna cin wuta fiye da abin da za su ceto. Wani lissafi da aka buga a 2019 da sababbin alƙaluma ya nuna akwai 'yar ƙofa, amma ƙunƙuntacciya. A 2023 kamfanin TAE na Amurka da cibiyar binciken haɗewa ta Japan sun ba da rahoton auna haɗewar furoton da boron a filasmar da maganaɗisu ke riƙe da ita, a na'urar LHD. Wannan ya tabbatar da cewa haɗewar na faruwa a irin wannan yanayi, amma tana nesa ƙwarai da ba da riba.

## Gadon Livermore: farantai da raga

Tunanin ba sabo ba ne. A 1969 Richard Post na Livermore ya gabatar da shi don wata na'ura da ake kira madubin maganaɗisu, wadda doguwa ce kamar bututu, maganaɗisunta ya fi ƙarfi a bakuna biyu. Aibinta shi ne filasma na zurarewa ta bakunan, sai Post ya ce a mayar da aibin riba, a tare ƙwayoyin da ke zurarewa a karɓe makamashinsu.

Yadda abin ke aiki ya yi kama da ƙwallon da aka gangaro da ƙarfi ta nufi tudu: tana hawa tana rage gudu, har ta tsaya a wani tsayi. Tudun a nan shi ne faranti mai cajin da ke tunkuɗe ƙwayar. Idan ƙwayar ta isa farantin daidai lokacin da gudunta ya ƙare, duk makamashinta ya koma lantarki. Idan ta isa da sauran gudu, ragowar ya zama zafi a jikin farantin. Idan gudunta ya ƙare kafin ta isa, sai ta juya baya. Ƙwayoyin filasma kuwa ba su da gudu iri ɗaya, don haka faranti guda ba ya wadatarwa, sai an jera da yawa, kowanne da nasa ƙarfin bolt, a kuma san yadda za a kai kowace ƙwaya wurin da ya dace da ita. A 1973 Ralph Moir da William Barr suka fito da tsarin siraran farantai jere a karkace, waɗanda ƙwaya ke ratsawa wajen tafiya, su kama ta wajen dawowa. Ingancin wani gwajin ɗakin bincike mai matakai 22 ya haura kashi 85, sannan a farkon shekarun 1980 aka ɗaura na'ura mai mataki ɗaya a bakin madubin TMX, ta ba da kashi 48.

Waɗannan alƙaluma na gaskiya ne, kuma su ne masu goyon baya ke yawan kafa hujja da su. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwayoyin da aka kama a gwaje-gwajen ba 'ya'yan haɗewa ba ne, filasma ce ko zirin ƙwayoyi masu ƙarfin dubban elektiron-bolt, ba miliyoyi ba. Daga nan kuma aikin ya tsaya cik. An kammala babban madubin maganaɗisu mai suna MFTF-B a 1986 kan dala miliyan 372, aka rufe shi ba tare da an yi gwaji da shi ba saboda yanke kasafin kuɗi, hankalin duniya ya koma kan tokamak, irin na'urar JET da ITER. Tokamak kuwa zobe ce rufaffiya, ba ta da bakin da ƙwayoyi za su fito a jere. Sai a 'yan shekarun nan madubin ya farfaɗo, inda na'urar WHAM ta Jami'ar Wisconsin ta kunna filasmarta ta farko a 2024 da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 17.

Kai wannan dabara matakin tasha yana fuskantar cikas da dama. Tsayar da cibiyar heliyam mai MeV 3.5 na buƙatar bolt miliyan 1.75, tsayar da furoton mai MeV 14.7 kuma kusan bolt miliyan 15, alhali layin wuta mafi ƙarfin bolt a duniya, wanda ya haɗa Changji da Guquan a Chaina, miliyan 1.1 ne. A irin wannan ƙarfi wuta na tsallakawa tsakanin ƙarafa ko da an zuƙe iskar wurin. Sannan ƙwayoyi masu caji iri ɗaya suna korar juna, don haka akwai iyakar yawan da za a tura ta faɗin mita guda, kuma maganin hakan shi ne a baje filasmar a makeken ɗaki marar iska, wanda zai iya fin na'urar haɗewar kanta girma. Ragar wayoyin da ke raba elektiron da cibiyoyi kuma tana tsaye ne a tsakiyar hanya, ƙwayoyi na dukanta, tana zafi, tana zaizayewa.

Saboda matsalar furoton ne Hiromu Momota da abokan aikinsa a Japan suka gabatar da wata hanya a farkon shekarun 1990: a tattara furoton rukuni-rukuni, su wuce ta jerin ƙarafa, kowane rukuni ya bar makamashinsa a siffar wuta mai kaɗawa da sauri irin ta rediyo. An yi ƙananan gwaje-gwaje a Jami'ar Kobe da ƙwayoyi marasa ƙarfi sosai. Asalin kimiyyar ba abin shakka ba ne, domin bututun ƙara ƙarfin sigina da ke cikin tauraron ɗan'adam sun daɗe suna ƙwato makamashin elektiron da jerin farantai masu bolt daban-daban. Tazarar da ke tsakanin wannan da tashar megawat ɗaruruwa ita ce ba a cike ba.

## Hanyar naɗin waya

Helion ya bi wata hanya dabam, wadda ta dogara da abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa maganaɗisun da ke canzawa yana haifar da lantarki a wayar da ke kewaye da shi. Na'urar doguwa ce. A kowane gefe ana ƙirƙirar zoben filasma mai ɗauke da nasa maganaɗisu, a harba su biyun da gudun kimanin kilomita miliyan 1.6 a awa, a cewar kamfanin, su haɗu a tsakiya, sannan a matse su da maganaɗisu mai ƙarfi har haɗewar diyuteriyam da heliyam-3 ta faru. Makamashin da ya fito yana ƙara wa filasmar matsi, ta buɗe ta ture maganaɗisun baya, wannan canji ya tura wuta cikin naɗin wayar da ya matse ta, wutar ta koma cikin kafasita, na'urar da ke adana lantarki ta sake shi nan take. Duk wannan yana faruwa cikin ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sannan a sake.

Fa'idar wannan tsari ita ce ya kauce wa bolt miliyoyi da raga, kuma yana ƙwato har da wutar da aka zuba tun farko. Kamfanin ya ce tun 2015 ya nuna ƙwato kashi 95 na makamashin da ya tura cikin naɗin wayarsa. A nan ne lissafin tattalin arzikin ya ta'allaƙa. Idan aka zuba kashi 100 aka ƙwato 95, haɗewa na buƙatar cike giɓin 5 ne kawai kafin a fara cin riba, don haka ba sai filasmar ta kai matakin da haɗewa kaɗai ke riƙe zafinta ba. Idan kuwa da filasma mai zafi a ciki abin da ake ƙwatowa ya sauka zuwa 80, giɓin ya zama 20, wato ninki huɗu. Ƙaramin canji a wannan adadi guda yana iya raba tasha mai sayar da wuta da tasha mai shan wuta, kuma ƙwato makamashi daga maganaɗisu abu ne dabam da ƙwato shi daga filasmar da ke zubar da zafi ta haske da ta bango.

Akwai kuma batun maimaitawa. Tashar megawat 50 da ke bugawa sau ɗaya a daƙiƙa tana buƙatar ribar megajul 50 a kowane bugu, bayan an cire duk abin da ta ci. Bugu ɗaya a daƙiƙa ya kai sama da miliyan 31 a shekara, kuma kafasita da makunnan lantarki da bangon ciki duk sai sun jure wannan shekara bayan shekara. Na'urorin gwaji na haɗewa ba su saba da irin wannan aiki ba.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna da hujjoji masu nauyi. Irin zoben filasmar da Helion da TAE ke amfani da shi yana da matsi kusan daidai da na maganaɗisun da ke riƙe da shi, saɓanin tokamak inda matsin filasma 'yan kashi ne kawai na matsin maganaɗisu, kuma hakan ya sa buɗewarsa ke ture maganaɗisu sosai. A gajeren bugu cibiyoyi na iya fin elektiron zafi nesa ba kusa ba, abin da ke rage asarar hasken eksre. Suna kuma nuni da cewa tsarin tiritiyam yana da nasa matsalolin da ba a warware ba: nutiron mai MeV 14 yana lalata ƙarfe, kuma dole tasha ta ƙera tiritiyam ɗinta daga litiyam a bargon da ke kewaye da filasma, abin da ba a taɓa nunawa a babban mataki ba. A 2021 Helion ya sanar da cewa na'urarsa ta shida, Trenta, ta kai digiri miliyan 100, kuma a 2023 shugabansa David Kirtley ya buga lissafin tsarin a wata mujallar kimiyya.

Masu shakka suna farawa ne da ƙarancin bayanai, domin alƙaluman gwajin da aka buga don sauran masana su tantance ba su da yawa idan aka kwatanta da na tokamak, wadda ke da tarin sakamako na shekaru fiye da 50. Suna tambayar ko furoton mai MeV 14.7, wanda ke ɗauke da kashi 80 na makamashin haɗin heliyam-3, zai zauna cikin ƙaramar filasma har ya miƙa mata ƙarfinsa a ɗan lokacin bugu, domin idan ya tsere ya daki bango, makamashinsa ya zama zafi, ba matsi ba. Suna kuma tuna cewa an ce na'ura ta bakwai, Polaris, za ta nuna ribar lantarki a 2024, amma a ƙarshen wannan shekara ne ta fara aiki. Zamewar jadawali ba hujja ba ce cewa kimiyyar ta gaza, kamar yadda yarjejeniyar sayen wuta ba hujja ba ce cewa ta yi nasara.

Mafi yawan masu neman gina tasha sun zaɓi tsohuwar hanya. Commonwealth Fusion Systems na shirin tashar ARC mai megawat 400 a jihar Virginia a farkon shekarun 2030, inda narkakken gishiri zai kwashe zafi ya kai wa injin farfela, kuma Google ya ƙulla yarjejeniyar sayen megawat 200 daga ciki. Shirin STEP na Birtaniya, da ake sa ran kammalawa a West Burton wajen 2040, shi ma ta zafi zai bi. Hujjarsu ita ce kada a ɗora sabuwar dabarar juyawa a kan sabuwar dabarar haɗewa, tunda farfela abu ne da aka sani fiye da shekara 100.

## Heliyam-3: ina za a samo shi?

Heliyam-3 ba shi da ma'adana a doron ƙasa. Mafi yawan wanda ake da shi yana fitowa ne daga ruɓewar tiritiyam, wanda rabinsa ke komawa heliyam-3 duk shekara 12.3, musamman na ma'ajiyar makaman nukiliya, kuma abin da ke shiga kasuwa bai wuce 'yan kilo a shekara ba. An yi ƙarancinsa sosai wajen 2008 da 2009, lokacin da Amurka ta girke na'urorin gano nutiron a iyakokinta, kuma yau masu na'urorin sanyaya kwamfutocin kwantam ma suna nemansa. Kilo ɗaya yana ba da makamashin haɗewa na kimanin megawat 19 tsawon shekara, don haka tashar megawat 1,000 za ta ci fiye da kilo 50 a shekara. Akwai shi a ƙurar wata, amma 'yan kashi ne cikin biliyan, kuma babu wanda ya taɓa haƙo shi.

Mafitar Helion ita ce ya ƙera nasa ta hanyar haɗa diyuteriyam da diyuteriyam. Rabin irin wannan haɗewa na ba da heliyam-3 da nutiron mai MeV 2.45, rabi kuma tiritiyam da furoton. Idan aka haɗa lissafin zagayen gaba ɗaya, kusan kashi 10 na makamashin yana tafiya da nutiron, ban da wanda zai fito idan wani ɓangare na tiritiyam ɗin ya ƙone a ciki. Ke nan kalmar "marar nutiron" da ake yawan gani a tallace-tallace ma'anarta "mai ƙarancin nutiron". Tashar za ta buƙaci katangar kariya, da wurin adana tiritiyam, da tsarin sanyaya da zai kwashe zafin nutiron da na hasken eksre, ko da ba za a yi lantarki da wannan zafi ba.

## Matakin da aka kai

Hukumar NASA tana da ma'auni mai matakai 9 na auna shirin fasaha, daga tunani a kan takarda zuwa abin da ya yi aiki a fagen gaske. Idan aka ɗora hanyoyin nan a kansa, farantan Livermore da jerin ƙarafan Japan suna ƙasan tsakiya, wato an gwada su a ɗakin bincike da ƙwayoyin da suka tsaya a madadin na gaske. Hanyar naɗin waya ta fi su samun kuɗi da manyan na'urori, kuma ɓangarenta na kafasita da makunnai ya yi nisa, amma ɓangaren da ya fi muhimmanci, wato makamashin haɗewa ya koma waya da yawan da ya fi abin da aka zuba, ba a nuna shi a bainar masana ba. Har yanzu babu na'urar haɗewa, ta kowace hanya, da ta sayar wa layin wuta lantarki.

Alƙaluman da za su raba gardama sanannu ne: jimillar wutar da na'ura ta ja daga layi da wadda ta mayar a kowane bugu, kason wutar da ya fito daga haɗewa ba daga abin da aka zuba ba, da adadin bugun da ta yi a jere kafin a tsaya gyara. Sanarwar da ta ambaci zafin digiri kaɗai ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu.

## Abin da mai biyan kuɗin wuta zai gani

A shekaru 10 masu zuwa, da wuya wannan fasaha ta taɓa takardar kuɗin wutar gida. Masu sayen farko manyan kamfanoni ne, irin su Microsoft mai cibiyoyin adana bayanai da Nucor mai narka ƙarfe, wanda ya ƙulla yarjejeniyar tashar megawat 500 da Helion a 2023. Megawat 50 kuma ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da tashar nukiliya guda, wadda kan kai megawat 1,000. Haɗarin asara a yanzu yana kan masu zuba jari ne, waɗanda abin da suka sa a kamfanonin haɗewa ya haura dala biliyan 7 zuwa 2024, da kuma gwamnatocin da ke tallafa wa bincike da kuɗin haraji.

Idan dabarar ta yi nasara, amfaninta na farko zai bayyana ne a gini da ruwa. Tasha marar tukunya da farfela da manyan hasumiyoyin sanyaya za ta fi ƙanƙanta, ana iya ƙera sassanta a masana'anta, kuma tunda zafin da take zubarwa ya ragu, ba sai an kafa ta kusa da babban kogi ko teku ba, abin da ke da muhimmanci ga yankuna masu ƙarancin ruwa. Tasha mai bugu-bugu kuma tana iya ƙara ko rage wuta ta hanyar sauya yawan bugun. Sai dai samar da wuta wani ɓangare ne kawai na abin da mai gida ke biya, domin turaku da wayoyi da taransifoma da rarrabawa suna nan da kuɗinsu, kuma inda matsalar ta layi ce, sabuwar tasha ba ta warware ta. Za ta kuma yi gasa da farantan hasken rana, waɗanda su ma juyawa ce kai tsaye ba tururi, kuma farashin wutarsu ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2023.

Ta fuskar tsaro, haɗewa ba ta da sarƙar da ke ci gaba da kanta irin ta yuraniyam, da zarar an katse wuta ko filasma ta taɓa bango sai ta mutu. Wannan ne ya sa a Afrilun 2023 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta yanke shawarar sa ido a kanta ƙarƙashin dokokin kayan da ke fitar da tiririn nukiliya, irin waɗanda ake bi da na'urorin hanzarta ƙwayoyi, maimakon dokokin tashoshin yuraniyam, kuma dokar makamashi ta Birtaniya ta 2023 ta bi irin wannan layi. Maƙwabtan irin wannan tasha za su so sanin yawan tiritiyam ɗin da aka adana a wurin, domin tsarin da ke ƙera heliyam-3 nasa yana tara tiritiyam ne yana jiran ruɓewarsa, kuma kimanin kashi 5.5 ne kawai ke ruɓewa a shekara.